Yadda ake sikanin ƙwaƙwalwa ta gefen kai don gane wace irin karkarwa ce ke damun mutum

Karkarwar hannu ba iri ɗaya bace, kuma abin da yake damuna shine da zarar dattijo ya fara rawar hannu sai kowa ya yanke nasa hukuncin, wasu suce tsufa ne kawai a barshi, wasu da suka ɗan leƙa intanet suce ai cutar Parkinson ce shikenan. Duka biyun suna iya cutar da mutum, domin wanda yake da Parkinson aka ce masa tsufa ne zai yi shekaru yana wahala alhali akwai maganin da zai sauƙaƙa masa rayuwa, shi kuma wanda bashi da ita aka ɗora shi a kan lebodofa, wato maganin Parkinson, zai yi ta sha babu amfani, ga tashin zuciya ga jiri, ga kuma fargabar da aka saka masa shi da iyalinsa. To akwai wani gwaji mai sauƙi da yake taimakawa wajen raba gardama, wato sikanin ƙwaƙwalwa ta gefen kai, kuma na'urar irin wacce ake duba masu ciki da ita ce, mai ɗaukar hoto da sauti, kan na'urar ne kawai ya bambanta. Babu allura, babu tururin hoton ƙashi, babu shiga cikin rami kamar na MRI. Wannan bayanin na yi shi ne don ma'aikacin lafiya da yake son koyon abin, amma mai jinya ma zai amfana in ya karanta, ko ba komai zai san me ake yi wa nasa da kuma me ya kamata ya tambaya.

A shekarar 1995 ne wani likitan jijiyoyi Georg Becker da abokan aikinsa a birnin Wurzburg na Jamus suka fara bayyana cewa wani ɗan yanki a ƙwaƙwalwar tsakiya, wanda ake kira sabstanshiya nigira, yana fitowa da haske da faɗi fiye da ƙima a sikanin masu Parkinson. Da farko likitoci da yawa basu yarda ba, don MRI na yau da kullum baya nuna komai a wajen, sai daga baya Daniela Berg da Uwe Walter da wasu suka yi ta maimaita binciken har abin ya zauna. Wannan nigirar ita ce inda ƙwayoyin da suke samar da sinadarin dofamin, mai taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, suke, su ne kuma suke mutuwa a hankali a cutar Parkinson. Hasken da ake gani yana da alaƙa da taruwar sinadarin ƙarfe a wajen, an ga hakan a binciken dabbobi da na ƙwaƙwalwar mamata. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu Parkinson suna da wannan alamar, masu lafiya kuma kusan kashi 10 cikin 100. Ka riƙe wannan goman da kyau don zamu dawo kanta.

Kafin ka kunna na'ura

Don Allah kar ka fara da jel da na'ura, ka fara da idonka. Sikanin ɗin nan ba zai amfane ka da komai ba in baka da tambayar da kake so ya amsa maka, kuma tambayar daga kallon mara lafiya take fitowa. Ka zaunar da shi ya ɗora hannayensa a kan cinya ya saki jiki, sai ka ɗauke masa hankali, misali kace ya ƙirga daga 100 yana komawa baya. In hannu ɗaya ya fara rawa yana hutawa, a hankali, kamar sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa, babban yatsa yana murza manuni, to wannan ya fi kama da Parkinson. Sannan kace ya miƙe hannaye gaba, ya taɓa hancinsa ya taɓa yatsanka, ya zuba ruwa daga kofi zuwa kofi, ya zana da'ira mai nannaɗewa a takarda. In sai hannu ya kama aiki rawar take tashi, kuma hannaye biyu ne, wani lokacin har kai yana kaɗawa murya tana rawa, to wannan ita ce wacce likitoci suke kira esenshiyal, ni zan riƙa ce mata karkarwar aiki. Tana yawan bin dangi, tana iya farawa tun ƙuruciya, kuma ta fi Parkinson yawa a duniya nesa ba kusa ba. Rubutu ma yana magana, mai Parkinson rubutunsa yana ƙanƙancewa yana tafiya, mai karkarwar aiki nasa manya ne masu zigizag.

Amma fa karkarwa kaɗai bata isa a ce Parkinson ba, dole sai an samu nauyin motsi. Kace ya riƙa haɗa babban yatsa da manuni da sauri yana buɗewa sosai, ka lura ko motsin yana raguwa yana ƙanƙancewa, ka duba tafiyarsa ko hannu ɗaya ya daina lilo, ko fuska ta daskare, ko gaɓoɓi sun yi tauri. Ka tambaya ko ya daina jin ƙamshi, ko yana fama da rashin bahaya, ko yana duka da ihu cikin barci kamar yana aikata mafarkinsa.

Inda abin yake rikicewa, kuma nan ne sikanin yake da rana, shine cututtukan basa bin littafi kullum. Mai Parkinson in ya miƙe hannu rawar tana ɗan tsayawa na wasu daƙiƙu sai ta dawo, wanda bai lura da wannan tsayawar ba sai ya ɗauka karkarwar aiki ce. Mai karkarwar aiki da ya daɗe da ita kuma hannunsa yana iya rawa ko yana hutawa, kuma in tsoho ne dama tafiyarsa ta yi nauyi saboda ciwon gwiwa ko baya, sai kaga an ce Parkinson. A shekarar farko ko ta biyu ko ƙwararre yana iya kuskure.

Sai maganar magunguna, wannan kam a tambaya a sake tambaya, in da hali a zo da ledar magungunan gaba ɗaya. Halofiridol da kulofiromazin na masu taɓin hankali, da metokulofiramid na amai, suna toshe aikin dofamin su kawo alamomin da baka iya raba su da Parkinson da ido. Balfurowet na farfaɗiya da litiyam da salbutamol na asma suna kawo rawar hannu. A auna sinadarin maƙoshi wato tayirod, a auna suga, a tambayi yawan shan kafeyin da giya. Duk wanda bai kai shekara 40 ba ya zo da karkarwa a tuna da cutar Wilson, wacce jan ƙarfe yake taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa, don tana da magani kuma in aka makara tana kisa.

Saita na'ura da kwantar da mara lafiya

Kan na'urar da zaka ɗauka shine ƙaramin nan da ake duba zuciya da shi, mai megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar sauti) 2 zuwa 3.5, galibi a kan 2.5 ake aiki. Dalili shine sauti mai yawan megahaz baya iya ratsa ƙashin kai, ƙashin yana cinye shi, shi yasa babban kan da ake duba ciki ko dogon nan na jijiyoyin wuya ba zasu yi maka ba. Zurfin hoto ka sa santimita 14 zuwa 16, yadda zaka hango ƙashin ɗaya ɓangaren na kai a ƙasan allo kamar farin layi mai lanƙwasa. Tazarar haske da duhu a barta tsakanin desibel 45 da 55. Hoton baƙi da fari ake so, ba mai launi ba. Na faɗi haka ne don mutane suna haɗa shi da ɗaya gwajin da ake yi ta wuri ɗaya, wato Dofla na auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa wanda Rune Aaslid ya fito da shi a 1982, wanda ake yi wa yara masu sikila don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wancan jini yake kallo, namu naman ƙwaƙwalwar yake kallo.

Mara lafiya baya buƙatar azumi, baya buƙatar aske kai, kuma ba sai ya tsayar da maganinsa ba don maganin baya canza hoton. Ya kwanta rigingine, a sa masa ƙaramin matashi, kai kuma ka zauna ta wajen kansa ka jingina gwiwar hannunka a gado don hannunka kar ya gaji ya fara zamewa. Ka yi masa bayani da girmamawa, "Baba za a shafa ɗan jel a gefen kai, yana da sanyi kaɗan amma babu zafi, a daure kar a juya kai." In dattijuwa ce a roƙe ta ta ɗan ja ɗankwali baya daidai kunne, ya wadatar.

Wajen da zaka ɗora shine gefen kai, gaban kunne, sama kaɗan da ƙashin kunci, nan ne ƙashin ƙoƙon kai bashi da kauri, shi ake kira taga. Ka daidaita kan na'urar da layin da ya tashi daga gefen ido zuwa ramin kunne, ka danna da ɗan ƙarfi amma ba mai ciwo ba, sai ka riƙa zamewa kaɗan kaɗan, gaba, baya, sama, har sai hoton ya buɗe. Milimita biyu ko uku suna iya raba hoton banza da hoto mai kyau, saboda haka kar ka yi gaggawa. Wasu mutanen kuma duk yadda ka kai ga nema taga ba zata buɗe ba, kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a binciken Turai, kuma abin ya fi yawa a tsofaffin mata da mutanen Asiya da baƙar fata. In haka ta faru ka rubuta cewa ƙashi bai bari an gani ba. Kar ka kuskura ka rubuta "lafiya lau" a kan abin da baka gani ba, wannan shine kuskuren da ya fi kowanne muni a aikin nan, domin likitan da ya turo zai karanta ya ɗauka an duba an wanke mara lafiya daga Parkinson.

Nemo nigira da aunata

Abin da kake nema a tsakiyar allo shine ƙwaƙwalwar tsakiya, tana fitowa da duhu da siffar malam-buɗe-littafi, an kewaye ta da farin haske na wuraren ruwan da ke gindin ƙwaƙwalwa. In ka ganta da fukafukanta biyu a fili to ka iso. A tsakiyarta akwai siririn farin layi da ya raba ta biyu, ana ce masa rafe, kusa da shi kuma akwai wasu ƙananan ɗigo masu haske da ake kira jan curi. Ita nigira tana gaba da su, a cikin fiffiken, kamar ɗan tabo ko siririyar ɗamara mai haske da ta ɗan karkace. A mai lafiya siririya ce, wani lokacin da ƙyar zaka ganta.

Ƙa'ida ita ce nigirar ɓangaren da ka ɗora na'ura ita kake aunawa, in kana dama ka auna ta dama, sannan ka koma hagu ka auna ta hagu. Wacce take can nesa hotonta baya da tabbas. Ka ɗan karkata hannu sama da ƙasa har ka samu inda ta fi fitowa da faɗi, ka danna firiz hoton ya tsaya, ka ƙara girmansa sau 2 zuwa 3, sannan ka zagaye bakin hasken da hannu, na'urar zata baka faɗin wajen a murabba'in santimita. In kan mara lafiya yana kaɗawa kar ka damu, na'urar tana ajiye hotunan daƙiƙun baya, sai ka koma baya ka zaɓi wanda ya fi fitowa. Ka auna sau biyu ko uku a kowane ɓangare.

Faɗi ake aunawa, ba ƙarfin haske ba. Ƙarfin haske kai ne kake juya shi da maɓalli, in ka ƙara komai zai yi fari, in ka rage komai zai dushe, saboda haka "na ga ta yi haske sosai" ba sakamako bane. Abubuwa biyu ne suke yaudarar sabon hannu, na farko haɗa jan curi da nigira a zagaye su tare sai adadin ya kumbura, na biyu kuma hasken da yake fantsamowa daga wuraren ruwan da ke kewaye, musamman wanda yake bin hanyar sautin a miƙe, a ɗauka nigira ce. In kana shakka ka canza kusurwa kaɗan, hasken ƙarya yana gushewa ko ya canza wuri, ita kuma tana nan inda take.

Adadin da aka fi ambata shine ƙasa da murabba'in santimita 0.20 daidai ne, daga 0.20 zuwa ƙasa da 0.25 ya ɗan ƙaru, daga 0.25 zuwa sama ya ƙaru sosai. Amma waɗannan lambobin an samo su ne da wata na'urar Siemens ta wancan lokacin, kuma kowace na'ura da yadda take nuna abin, wata iyakarta tana ƙasa da haka wata sama. Abin da ya dace shine duk wajen da zai fara aikin nan ya tara manya masu lafiya da dama ya auna su da na'urarsa da saitinsa, ya jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, inda mutum 75 cikin 100 suka tsaya nan ne iyaka ta farko, inda 90 suka tsaya nan ce ta biyu. Kaga kenan tun daga yadda aka yanka iyakar an san mutum 10 cikin 100 masu lafiya zasu faɗo sama da ita. Ana ɗaukar ɓangaren da ya fi girma wajen yanke hukunci, kuma a Parkinson sau da yawa wanda ya fi girma yana kishiyar hannun da ya fi rawa, don ƙwaƙwalwar dama ita ke tafiyar da jikin hagu.

Kar ka tsaya a nigira

Da yawa suna auna nigira su goge jel su sallami mutum, alhali rabin amfanin gwajin yana sama kaɗan. Daga inda kake ka karkata kan na'urar sama kamar digiri 10 zuwa 20, zaka shiga matakin talamus, wani yanki da ke sama da ƙwaƙwalwar tsakiya. Alamar da zata nuna maka ka iso ita ce wani ɗigo mai haske sosai ta baya, wani ɗan ƙullu ne da ake kira finiyal, yana haske don yawanci yana tara alli. Gabansa zaka ga fararen layuka biyu a jere da duhu a tsakaninsu, wannan shine kogon ruwa na uku daga cikin kogunan ruwa na cikin ƙwaƙwalwa, ka auna faɗinsa daga cikin layi zuwa cikin layi. Ƙasa da milimita 7 daidai ne ga wanda bai kai shekara 60 ba, ƙasa da milimita 10 ga wanda ya haura. A wannan matakin ɓangaren nesa ake dubawa, akasin nigira, don na kusa yana matsewa a saman allo. Ka duba wani yanki a gefen talamus da ake kira lentifom, wanda a mai lafiya baya bambanta da naman da ke kewaye da shi, duk wani tabo mai haske a wajen abin rubutawa ne. Haka ma yankin da ke kusa da shi mai suna kodet, da ƙahonnin kogon ruwa na gaba. In hannu ya saba duka aikin baya wuce minti 15 zuwa 20.

Yadda zaka karanta abin da ka samu

Mu ɗauki wanda aka fi kawowa, mutum mai rawar hannu ana shakka tsakanin Parkinson da karkarwar aiki. In nigira ta fito daidai a ɓangarori biyu kuma taga ta buɗe da kyau, to wannan yana ƙarfafa karkarwar aiki, sai likita ya duba ko magungunan rage karkarwa furofanolol ko firimidon zasu dace da shi, tare da tuna cewa furofanolol baya tafiya da mai asma. In ta fito da faɗi sosai, musamman a kishiyar hannun da ke rawa, ga kuma nauyin motsi ko da kaɗan ne, ga rashin jin ƙamshi, to Parkinson ta matso kusa. In kuma ta fito da faɗi amma duk alamomin jiki na karkarwar aiki ne, kar ka canza masa suna, masu karkarwar aiki ma wasu suna da alamar, sun ɗan fi sauran masu lafiya yawa, abin da ake yi shine a yi masa maganin abin da yake da shi a riƙa bibiyarsa, don bincike ya nuna irinsu sun fi haɗarin samun Parkinson nan gaba.

Akwai wasu cututtuka masu kama da Parkinson amma sun fi ta saurin ci kuma basa jin lebodofa sosai, manyansu su ne MSA da PSP. Mai MSA zaka ji jiri in ya miƙe tsaye, matsalar fitsari tun da wuri, mai PSP kuma yawan faɗuwa ta baya da kasa kallon ƙasa da ido. A sikanin, nigira daidai tare da lentifom mai haske yana nuni zuwa gare su, in kuma aka ƙara da kogon ruwa na uku da ya wuce milimita 10 to PSP ta fi kusa. A nan ne nake ganin gwajin ya fi burgewa, domin DaTscan, wato hoton nukiliya mai tsada da yake nuna raguwar jijiyoyin dofamin, wanda Turai ta amince da shi a 2000 Amurka kuma a 2011, yana raba Parkinson da karkarwar aiki da kyau amma baya iya raba ta da MSA ko PSP don duka ukun hotonsu yana lalacewa. Sai dai akwai masu ruɗarwa, ciwon mantuwa na Lewy da cutar kotikobasal suma nigirarsu tana faɗi, galibi ɓangarori biyu, saboda haka sikanin ba zai raba su da Parkinson ba.

Wanda alamominsa suka taso bayan shan halofiridol ko metokulofiramid, in nigirarsa daidai take akwai kyakkyawan zaton zai warware bayan an canza maganin, ko da yake yana iya ɗaukar watanni. In tana da faɗi to wataƙila dama cutar tana kwance maganin ne ya tono ta. Ko wanne ne, mai shan maganin taɓin hankali kar ya tsayar da kansa, sai da likitan da ya rubuta masa. Wanda ƙananan jijiyoyin jini suka toshe masa a ƙwaƙwalwa, irin mai hawan jini da ƙafafu suka yi nauyi hannaye kuma lafiya, nigirarsa yawanci daidai ce. A cutar Wilson lentifom ne yake haske, amma tabbatarwa sai gwajin jini da fitsarin awa 24 da duba ido don neman zoben nan mai ruwan ƙasa a gefen baƙin ido. Masu murɗewar wuya ko hannu da ake kira distoniya, waɗanda rawarsu take fizga fizga, suma lentifom ɗinsu yana yawan haske nigira kuma daidai.

Abin da gwajin baya iyawa

Faɗin nigira baya ƙaruwa da tsananin ciwo, wanda ya shekara ɗaya da wanda ya shekara goma zaka iya samun adadinsu ɗaya, saboda haka babu amfanin maimaita shi duk shekara wai don a ga ko ciwo ya ci gaba ko magani yana aiki, ɓarnar kuɗi ce kawai. Alama ce ta rauni a wajen, tana nan tun kafin ciwo ya bayyana. Wani bincike da aka wallafa a 2011 a kan mutum 1,847 masu shekara 50 zuwa sama a Turai ya nuna masu alamar sun fi sauran haɗarin kamuwa kusan sau 17 cikin shekara uku. Adadin yana da ban tsoro in an ji shi haka, amma waɗanda suka kamu ɗin ƙalilan ne ƙwarai, mafi yawan masu alamar lafiyarsu ƙalau kuma haka zasu ƙare rayuwarsu. Shi yasa ni bana goyon bayan a yi wa mai lafiya gwajin nan don son sani kawai, tunda har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana hana cutar zuwa, zaka ɗora masa damuwa ne babu abin da zaka bashi.

Sannan aikin ya dogara da hannun mai yi sosai. A cibiyoyin Jamus da suka ƙware an samu daidaito kusan kashi 90 wajen gano masu cutar, amma wani bincike a Holan da aka wallafa a 2013 a kan mutum 196 ya samu sakamako mai rauni sosai. A wannan shekarar ta 2013 ƙungiyoyin likitocin jijiyoyi na Turai suka saka gwajin cikin waɗanda suke ba da shawarar amfani da su, amma da sharaɗin a haɗa shi da sauran gwaje-gwaje. Wanda yake koyo ya zauna da wanda ya iya, ya yi masu lafiya da yawa kafin ya fara rubuta sakamakon marasa lafiya, kuma in zai yiwu ya auna kafin ya san me ake zargi, don ido yana ganin abin da zuciya take so ta gani.

Kar kuma a haɗa shi da ɗaya aikin sautin da ake ji a labarai, wanda ake tattara sauti mai ƙarfi a cikin na'urar MRI a ƙona ɗan wuri a talamus don tsayar da karkarwa, wanda Amurka ta amince da shi a 2016 don karkarwar aiki. Wancan magani ne kuma ana zaɓar waɗanda za a yi wa da tsanaki, wannan namu kallo ne kawai baya ƙona komai.

In karkarwa ta zo farat ɗaya, ko da raunin ɓarin jiki, ko ciwon kai mai tsanani, ko layi a tafiya da harɗewar magana, to wannan ba wajen sikanin gefen kai bane, a nemi MRI ko CT da gaggawa.

A takardar sakamako ka rubuta sunan na'urar da iyakar da kuke amfani da ita, ingancin taga a dama da hagu, faɗin nigira na kowane ɓangare da lamba, faɗin kogon ruwa na uku, da halin lentifom da kodet, kuma ka ajiye hotunan. Kalmar da zaka rufe da ita ta zama irin "ya dace da" ko "bai goyi bayan", sunan cuta kuma a bar wa likitan da ya duba jikin mutum. Kai kuma mai jinya in an baku takardar, ka tambaya ko an ga ɓangarorin biyu da kyau, ko an duba sama da nigira, kuma yaushe za a dawo. In har yanzu ana shakka likita yana iya gwada lebodofa na wasu makonni da isasshen adadi ya ga yadda jiki zai amsa, ko ya tura DaTscan in akwai hali, ko ya sa a dawo bayan wata 6 zuwa 12 a sake duba tafiya da yatsu da rubutu, kuma yana da kyau ku riƙa ɗaukar ɗan bidiyon hannun a waya lokacin da rawar ta fi tashi a gida, ku zo da shi ranar ganin likita.